Yadda Na Riƙe Keken Balkisu a Masar

Tun da na dawo daga Masar ban samu na ci abinci da zafinsa ba. In na kai niƙa a tare ni. In na je suna a bar mai jego a zagaye ni. Ranar Asabar a ajinmu na yaƙi da jahilci ko alli ba a taɓa ba, Malama da kanta ta jawo benci ta ce, "Gwaggo Tumba, ba mu labari." Na ba da shi ya fi sau ashirin, kuma na lura duk wadda ta ji sai ta ƙara nata. Shekaranjiya a wurin awo na ji ana cewa wai ni na hau keken na tsere wa Turawa. To ba haka anka yi ba. Na sayi littafi na zauna na rubuta sau ɗaya, yadda abin ya faru, har da inda na yi abin kunya. Wadda ta iya karatu ta karanta. Wadda ba ta iya ba, aji yana nan ƙarfe fuɗu na yamma. Ni ma sai da na shekara arba'in da uku na fara riƙe fensir, kuma ban mutu ba.

Balkisu ɗiyar yayana ce, Malam Altine na Kebbe. Tana shekara tara ta fara satar kekensa, tsohon baƙin keken nan mai sanda a tsakiya. Ƙafarta ba ta kai feda daga sirdi, sai ta zura ta ƙarƙashin sandar tana tuƙi a karkace. Anka doke ta, ta sake. Anka ɗaure keken, ta kwance. Da anka gaji sai anka mai da abin aiki, ita ke kai nono kasuwa. Da ta zo sakandare nan Tambuwal wurina ta zauna, kuma nan wata malamar wasanni ta gan ta a kan keke ta wuce kabu-kabu a hanyar Sanyinna da galan biyu na man gyaɗana a baya. Malamar ta biyo ta har gida. Daga nan sai Sakkwato, daga Sakkwato sai Abuja, inda akwai filin tseren keke mai rufi. Shekara bakwai ke nan tana can. Ta karya ƙashin kafaɗa sau ɗaya, ta warke, ta koma. Yau a gajeren zango ba macen da ke kama ta a tawagarsu.

Ubanta ya bar ta ne a kan sharaɗi biyu. Na farko, jikinta a rufe daga wuya har idon sawu, da ɗankwali ƙarƙashin hular kwano. Na biyu, namiji ba ya taɓa ta.

Na biyun nan shi ya kai ni Masar, kuma sai na yi muku bayanin keken kafin ku gane. Ba shi da birki, ko ɗaya. Fedarsa ba ta hutawa: muddin taya na juyawa, ƙafa na juyawa. Takalmin mai tuƙi kuma a ɗaure yake da fedar, ba ta iya sauke ƙafa ƙasa. Saboda haka kafin a fara tsere dole wani ya tsaya bayanta, ya sa tayar baya tsakanin ƙafafunsa, ya kama ƙarƙashin sirdi, ƙirjinsa dab da bayanta, ya riƙe ta a tsaye har a hura usur. Sauran 'yan tsere kocinsu ke riƙe su. Balkisu kuwa wata ma'aikaciyar tawagarsu, Madam Rifkatu, ita ke riƙe ta tun farko. Bana anka kira su gasa a Alƙahira, sai ga Madam da ciki wata takwas, jirgi ba ya ɗaukar ta. Sauran matan tawagar biyu ne, su ma suna kan nasu kekunan a lokacin.

Balkisu ta bugo min waya tana kuka, wai Baba ya ce ba inda za ta. Na sauke kaskon ƙuli-ƙuli, na hau kabu-kabu sai Kebbe. Kun san hanyar. Sau biyu mashin ya nutse cikin yashi ya mutu, sau biyu na sauka na tura shi da mai shi a kai har ya tashi. A na biyun ma ya waiwayo ya ce, "Hajiya, a hankali, za ki jefa ni gonar mutane."

Na tarar da Yaya a gindin darbejiya yana tufkar igiya. Munka gaisa, na tambayi shanu, ya tambayi gyaɗa, sannan na ce ni zan je na riƙe ta.

Ya ce, "Tumba, mi kika sani ga keke?"

Na ce, "Kai mi ka sani? Naka ma ɗiya ta ƙwace shi kana kallo. Ni da nika riƙe maruƙa tun ban kai tsawon ƙwarya ba, keke zai gagare ni?"

Ya daɗe yana murza igiyar a cinya. Can ya ce, "Ki tafi. Amma ki ji da kyau. Shekara bakwai nika sauraron bakin mutane daga masallaci har gida. An ce za a nuna wasan ga waya, kowa zai gani. In namiji yat taɓa ta, ko tad dawo hannu wofi, keke ya ƙare. Ta taho gida."

Yaya ba ya magana biyu. Ni ma ba na yi, shi ya sa ba mu cika zama wuri ɗaya ba.

Wahala ta farko a Sakkwato na sha ta, wurin yin fasfo. Ni tun ranar da na iya rubuta sunana na yi alkawari ba na sake dangwala yatsa a takarda. Na je da birona na kaina, na sa hannu, har jami'in ya yaba rubutun. Sai ya turo min wani ɗan gilashi mai koren haske ya ce na ɗora yatsa. Na ce na yi makaranta. Ya ce, "Hajiya, ko farfesa ne sai ya dangwala, kuma duka goma." Ashe na bar dangwalen yatsa ɗaya ne don na zo na yi na goma. Ƙarin abin haushi, na sha lalle saboda tafiya, na'urar ta ƙi ganin yatsun. Na fita bakin famfo da lemun tsami da ɗan dutse ina goge hannuna kamar gindin tukunya, mutane na wucewa suna yi min sannu.

Ranar tafiya na shiga mota a tashar Tambuwal da asuba. Jega, Koko, Yawuri inda munka ci soyayyen kifi a tsaye, sai Kwantagora. Kusa da ni wani alhaji ne mai fataucin albasa, warin sana'arsa na tare da shi. Ya tambaye ni ina zuwa, na ce Masar. Nan take ya gyara zama, ya ba ni gefen taga, ya saya min ruwan sanyi, yana ta kira na Malama. Bayan Yawuri ya ce, "Wane fanni za a karanta, Malama? Fiƙihu?"

Na ce, "Riƙon keke."

Bai ƙara magana da ni ba har Suleja. Da zai sauka ya ce Allah ya ba ni lafiya.

A Abuja Balkisu ta tarbe ni. Na yi wata tara ban gan ta ba. Fuskar tana nan kamar ta uwarta, amma cinyoyin kamar turmi biyu. Ta gabatar da ni ga kocinsu, Koci Bulus, mutumin Jos, dogo mai sanƙo, Hausarsa ta barikin soja. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mama, za ki iya kuwa?" Na ce ya kawo keken. Anka kawo, na tattara ƙarfi na ɗaga, saura kaɗan na jefa shi rufi. Kazar gidana ta fi shi nauyi.

Sai batun wando. Da zani ba a iya sa taya tsakanin ƙafafu, kuma dole mai riƙo ya sa kayan tawaga. Shekarata hamsin da shida ban taɓa sa wando ba. Na ce sai dai a fasa tafiyar. Balkisu ta dai tsaya tana kallo na. Na karɓi wandon. Na sa dogon hijabi a kai na ɗaure shi a ƙugu, da kambas a ƙafa. Wadda ta ga hoton a waya ta yi dariya, na san sunanta, kuma ina jiran ranar bikin ɗiyarta.

Madam Rifkatu ta zo da cikinta a gaba ta koya min kwana biyu. Mace mai kirki, amma ga maimaita magana. Ta ce, "Mama, turi iri biyu ne. Akwai inda za ki tura, akwai inda..." Na ce na ji. Ta ce, "Mama, bari na ƙarasa." Na ce na ji mana, ba kurma ba ce ni. Ku riƙe wannan wurin. Ba na son yarinya ta maimaita min magana, kuma wannan halin nawa ya kusa kashe mu.

Jirgi ba abin da zan ce a kansa sai dai sanyi, da abinci kamar na mai jinya. A filin jirgin Alƙahira anka buɗe jakata. Jami'in ya wuce goro, ya wuce ƙuli-ƙuli bayan ya ƙwanƙwasa ɗaya a tebur ya ji ƙararsa, sai ya tsaya a kan gwangwanin yajina. Ya yi tambaya da Larabci. Ni na sauke Alƙur'ani, na ɗauka zan ji, amma Larabcinsu gudu yake yi kamar an biyo shi. Na yi masa alama da hannu kar ya buɗe. Ya buɗe, ya kai hanci. Bawan Allah ya yi atishawa bakwai a jere, na ƙirga, hularsa ta faɗi. Ni kuwa kowace ɗaya sai na ce masa yarhamukallah, don wannan Larabcin dai na san mun haɗu a kansa. Abokan aikinsa sunka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya rufe gwangwanin da hannu biyu ya miƙo min, hawaye na zuba, ya nuna min ƙofa.

Masaukinmu bene ne hawa goma sha ɗaya, makullin ɗaki kati ne kamar na banki. Abu ɗaya na yaba wa Misirawa tun daren farko: bayinsu akwai ruwa, da ɗan famfo mai tiyo a gefe, ba ka neman buta. Waɗannan mutane ne masu tarbiyya. Abincinsu ne dai ban gane ba. Da safe wake, dafaffe har ya narke, da gurasa, ba barkono ko ƙwaya. Da rana sai su kawo shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da soyayyar albasa duk a kwano ɗaya, kamar an bi gida fuɗu an tattaro ragowar jiya. Da yajina na rayu. Balkisu kuwa abincinta a aune yake, Koci na tsaye a kanta. Na ɓoye mata ƙuli-ƙuli a aljihu, ta mayar min.

Mai gyaran ɗakinmu wata dattijuwa ce mai jiki, Ummu Karim. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata, amma mun yi hira sosai. Ta nuna min hoton jikokinta, na nuna mata na shanun Yaya. Ita ta koya min tsallaka titi. A can mota ba ta tsayawa, mutum ma ba ya tsayawa. Ka shiga kawai, kowa ya san yadda zai yi da kai. Ta kama hannuna ta ja ni cikin motoci ina salati, munka fita ɗaya gefen da ranmu. Kuma magana da ƙarfi suke yi. Ranar farko na ga maza biyu a ƙofar masauki suna ɗaga murya suna wurgi da hannuwa, na shiga tsakani na ce su ji tsoron Allah. Sunka tsaya suna kallo na, sannan sunka rungume juna suna sumbatar kumatu. Ashe gaisawa suke yi. Mu a Tambuwal ko faɗa muke ba mu kai wannan ƙarar ba.

Filin tseren, ku ɗauka akushi ne, amma wanda zai ci kasuwar Tambuwal. Duk katako, sumul. A wuraren shan kwana biyu ya miƙe tsaye kamar bango, in ka tsaya ƙasa sai ka ɗaga kai ka ga kekuna na wucewa a saman kanka a kwance. Na tambayi Koci me ke hana su faɗowa, ya ce gudu. Na ce to Allah ya ƙara gudu.

Ranar gasa da safe anka fara da gwaji: kowace ta shiga ita kaɗai, a auna gudunta da agogo, don a san wa za ta kara da wa. A nan ana son mai riƙo ya tura. Koci ya ce, "Mama, tura ta." Na tuna yashin Kebbe, na sa kafaɗa na tura. Balkisu ta fita kamar an harba ta. Ta yi gudu mai kyau, ta shiga cikin takwas da za su kara. Koci ya yi ta tafa min, wasu 'yan wata ƙasa ma sunka ɗaga min babban yatsa. Kaina ya kumbura har hijabin ya matse ni.

Da la'asar anka zo karo na gaske. Biyu-biyu ake yi, zagaye uku na fili, kuma sau uku ake karawa: wadda ta ci biyu ta wuce, wadda ta sha kashi ta tattara kayanta. Anka haɗa Balkisu da wata Baturiyar Afirka ta Kudu, mai jan gashi, wani ƙaton tsoho na riƙe da ita. Anka yi ƙuri'a, Koci ya yi murmushi, ya ce mun yi sa'a, Baturiyar ce za ta shiga gaba. Na ce a raina wannan wace irin sa'a ce, a ba abokiyar karawa gaba? Muna hawa katakon ya ce, "Mama, wannan karon a hankali." Na ɗauka bayana yake tausayi.

Anka hura usur. Na ba ta turin da ya fi na safe.

Balkisu ta wuce Baturiyar da tsawon keke biyar. Na juyo ina jiran tafi, sai na ga Koci ya ɗora hannu biyu a kan sanƙonsa. Baturiyar kuwa ta lallaɓa ta maƙale a bayan Balkisu kamar kaska. Sunka yi zagaye biyu a hankali, Balkisu na ta waiwaye. Anka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, sunka ɓarke da gudu, a kwanar ƙarshe Baturiyar ta fito daga baya ta wuce ta kamar an aiko ta.

Sai a lokacin na saurari abin da Madam ta so faɗa min. A wannan tseren ba a son gaba. Ta gaba ita ke sara iska da ƙirjinta, ta baya na hutawa a inuwarta, tana kallon duk motsinta, sai ƙarshe ta fito da sauran ƙarfinta. Ƙuri'a ta ba Balkisu baya, ni na ɗauke ta da hannuna na kai ta gaba. Alƙalin wasa ma ya zo ya yi wa Koci kashedi, yana nuna ni da biro.

Munka koma inda tawagarmu ke zama a tsakar filin. Balkisu ta hau wasu ƙarafa masu juyawa tana tuƙi a wuri ɗaya don kar ƙafarta ta yi sanyi, gumi na ɗiga daga haɓarta. Saura karo ɗaya a cinye ta. Koci ya zo ya tsaya gabana, yana magana a hankali kamar mai gaisuwar mutuwa.

"Mama, ki yi haƙuri, ni zan riƙe ta a na biyu. Sirdi zan kama, ba ita ba. Minti ɗaya ne."

Na dubi na'urar ɗaukar hoto da ke kan sanda daidai layin farawa. Na san a daidai lokacin maza sun fito daga sallar la'asar a Kebbe, sun taru a kan waya ɗaya, Yaya a tsakiyarsu. In Koci ya riƙe ta, keke ya ƙare ko ta ci. In na riƙe ta na sake ɓatawa, keke ya ƙare.

Balkisu ba ta daina tuƙi ba. Ta ce, "Koci, Gwaggo za ta riƙe ni." Sannan ta juyo gare ni. "Gwaggo, in an gama tatsa, tura maraƙi kike yi wurin uwarsa?"

Na ce, "Wa ke tura maraƙi? Igiya kawai aka saki, shi ya san hanya."

Ta ce, "To haka nika so."

Na ce, "Balki, na ɓata miki. Ki yafe ni." Ban tuna ranar da na taɓa faɗa wa wani haka ba, ko mijina marigayi bai samu ba. Ta ce, "Gwaggo, bari sai mun koma gida ki faɗa gaban mutane, nan ba shaida."

A karo na biyu dole Balkisu ce a gaba, haka dokar take, ana musanyawa. Na sa taya tsakanin gwiwoyina, na kama sirdi. Ta cikin ƙarfen ina jin bugun zuciyarta, ko nawa ne, ban sani ba. Anka hura usur. Na buɗe yatsuna kawai.

Ta tafi kamar mai zuwa gaisuwar surukai. Ta hau can saman katakon a hankali, Baturiyar na bin ta. Sai ta tsaya. Cak, a kan keke, ƙafa a ɗaure, a wurin da ko akuya ba ta tsayuwa. Baturiyar ma ta tsaya a bayanta. Filin ya yi tsit. Ni na cusa bakin hijabina a baki na cije, don abin da ke maƙogwarona shi ne "ke tafi mana," kuma na riga na yi rantsuwa ba na sake taimaka mata. Suna nan tsaye, cinyoyi na rawa, kowace na jiran ɗaya ta gaji. Tayar Baturiyar ta fara karkarwa, ta karkata, dole ta taka ta wuce gaba. Abin da Balkisu ke jira ke nan. Ta bi ta a baya har anka kaɗa ƙararrawa, sannan ta sulalo daga sama kamar shaho ta wuce ta. Ɗaya da ɗaya.

Na uku ban gan shi da kyau ba, gaskiya, don na saki sirdi na rufe ido. Ihun Koci na ji. An ce sai da anka duba hoto, da faɗin taya ta ci. Tsohon da ke riƙe Baturiyar ya zo ya tsaya nesa kaɗan, ya nuna damtsensa, ya nuna ni, ya yi magana. Koci ya fassara: wai in na gama aiki, motarsa a gida ba ta tashi da safe.

Washegari wata 'yar Masar ta cinye Balkisu sau biyu a jere, ba laifin kowa, yarinyar aljana ce. Sai anka yi karon neman ta uku, Balkisu ta ci biyu ba tare da an je na uku ba. Anka rataya mata lambar tagulla a wuya. Ummu Karim ta kalla a talabijin, da munka koma masauki ta rungume ni ta sumbace ni kumatu biyu, na bari, don a garinsu nike.

Daga Abuja ba mu tsaya Tambuwal ba sai da munka kai Kebbe. Yaya na gindin darbejiyarsa. Balkisu ta durƙusa ta miƙa masa lambar. Ya juya ta gaba da baya, ya auna nauyinta a tafin hannu.

Ya ce, "Wagga ba zinariya ba ce."

Ta ce, "Tagulla ce, Baba."

Ya dube ni. "Na ga turin da kika yi. Duk Kebbe ta gani. Liman ya ce a tambaye ki ko kina karɓar aikin tura amalanke."

Na ce ya gaya wa Liman ina zuwa da kaina na ba shi amsa. Ya sa lambar a aljihun rigarsa, ya tashi ya tafi masallaci. Ko kalma bai ce ba a kan keke. Balkisu ba ta ci tuwon dare ba.

Da gari ya waye ta fito da kekenta na atisaye ta kai shi guntun titin da ke bayan gida, ba ta hau ba, tana dai tsaye riƙe da shi. Sai ga Yaya ya dawo daga garke. Ya tsaya, ya dubi keken, ya dube ni.

"Madam ɗin nan tana iya sake yin ciki. Ke kuma gwiwarki ba tabbas. Gwamma a samu na uku. Nuna min yadda aka riƙon nan."

Ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa. Balkisu ta hau, ta maƙala takalmanta. Na nuna masa inda zai sa ƙafafu, da inda zai kama. Ya riƙe. Maƙwabta sunka fara leƙowa ta kan katanga. Minti ɗaya, minti biyu, jijiyoyin hannunsa duk sun tashi.

Na ce, "Yaya, saki."

Ya ce, "Ban ji usur ba."

Na sa yatsu biyu a baki na yi fito irin na makiyaya, abin da rabona da shi tun ina budurwa. Ya buɗe hannunsa, ta tafi. Ya tsaya yadda yake, ƙafafu a ware, hannuwa a buɗe, har ta sha kwana ta ɓace. Sannan ya yi magana, bai ko dube ni ba.

"Ban tura ba, ko?"

Na ce, "Ba ka tura ba."